Tsumman da ke cinye fentin mota

In motarka baƙa ce, ko shuɗiya mai duhu, ko ruwan makuba, ga wani ɗan gwaji da za ka yi gobe da hantsi. Fito da ita rana, ka tsaya gefen bonet, ka nemi daidai inda hasken rana ya faɗo a kan fentin, ka ƙura masa ido. Za ka ga wasu siraran zane-zane sun yi wa hasken zobe, zagaye bisa zagaye, kamar saƙar gizo-gizo. Kada ka zargi ɗan adaidaita sahu ko yaran layi. Hannun mai wanki ne, ko naka ko na wanda ka biya. Kuma a iya abin da na lura, yawancin ɓarnar a lokacin tsanewa ake yin ta, sa'adda mota ta riga ta fita fes, kowa ya saki jiki, aka jawo tsumma daga kan igiya aka hau dirza.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Lokacin wanki akwai ruwa da kumfa tsakanin soso da jikin mota, ƙwayar yashin da ta maƙale sulɓewa take yi. Da an ɗauraye, wannan santsin ya tafi. Daga tsumma sai fenti sai ƙarfin damtse. Shi kuwa fentin motocin yanzu, irin su Corolla da Accord da Camry da ake shigo mana da su ta Kwatano, hawa-hawa ne: akwai shafin ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani shafi marar launi a can sama, wanda shi ne sheƙin da ido ke gani. Kaurin wannan na saman a yawancin motoci bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, wajen rabin kaurin farar takardar ofis ke nan. A kansa duk dirzar ke sauka. Mahaifina ya riƙe farar Fijo 504, irin wadda a da ake haɗawa a Kaduna, fentinta hawa ɗaya ne. In ta dusashe sai a bi ta da folish, ka ga farin yana biyo ƙyalle, ta dawo tana walƙiya. Ta yanzu kuwa, in rana da dirza suka taru suka cinye shafin sama ya fara ɓarewa, yadda ake gani a rufin motoci da yawa a gari, babu folish ɗin da zai dawo da shi, sai an dangana da mai fenti.

Wani zai ce to a ƙyale ta mana ta bushe da kanta, ai rana ba ta yi mana rowa ba. Da da ruwan sama muke wanki, da sai in ce ba laifi. Amma a nan Kano yawancinmu na rijiya ne ko na burtsatse, wanda 'yan garuwa ke turo mana a kura. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da narkakkun ma'adinai, musamman kalsiyam da magnesiyam. Leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanku, wannan farin ɓawon da ya kama gindinta su ne. Duk ɗigon da ya bushe a jikin mota, ruwan ne kawai ke tashi, ma'adinin na nan zaune, ya bar farin zobe. Yawansa ya danganta da irin ƙasar da aka haƙa rijiyar. Inda ake da dutsen nan da ake yin siminti da shi, kamar yankin Kalambaina a Sakkwato, ruwan ya fi ɗaukowa. In an goge zoben a ranar, yakan fita. In aka bari rana ta gasa shi kwana da kwanaki, ci yake yi ya shiga cikin shafin sama. Ko a gilashi sai ka ga waifa na wucewa ta kansa, yana nan daram.

Ga kuma ƙura. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso mana ita daga hamada, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne. In ka murza ta a yatsa laushi gare ta, amma a cikinta akwai ɓarɓashin dutsen rairayi, wanda ya fi gilashi tauri, balle fenti. Tun kafin ka ajiye bokiti ta fara sauka a kan jiƙaƙƙiyar mota. Mai tsane mota a ƙasar nan yana tsaka mai wuya ke nan: ruwa na cewa yi sauri kafin in bushe, ƙura na cewa dirza ka gani.

Shi ya sa nake fara duba lokaci kafin in duba ƙyalle. Bayan sallar asuba nake wanki, da gari ya ɗan waye, ko da la'asar sakaliya in motar ta jima a inuwa. Ɗora bayan hannunka a kan bonet. In ba za ka iya barinsa a wurin ba, a ɗaga wankin. A watan Afrilu zafin Kano kan kai 40 a ma'auni, baƙin ƙarfe a tsakar rana kuwa yakan haura 70, ruwan da ka watsa a rufi ya bushe kafin ka zagayo but. Da hunturu ƙarfen da sanyinsa, amma laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai ruwa ya riƙa ɓacewa ko a inuwa. A irin wannan lokacin ba na barin ko'ina ya fara bushewa. Ina wanke ƙofa ina watsa wa rufi da bonet ruwa, har in gama gaba ɗaya in ɗauki tawul. Inuwar ma a zaɓa. Gindin darbejiya da daɗin aiki, sai dai tana zubo ganye da 'ya'ya, tsuntsayen da ke kanta kuma ba ruwansu da an yi wanki. Kashin tsuntsu ya fi zoben ruwa saurin cin fenti. Rumfar kwano ko gefen doguwar katanga sun fi mini.

Dabarar da ta fi rage mini aiki, da ruwa ake yin ta, kuma duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya kafin ya gani da idonsa. Bayan ɗauraya ta ƙarshe, cire kan fesawa daga bakin tiyo, ka rage ƙarfin famfo, ka kwantar da bakin tiyon dab da rufi, ruwa na malala a hankali. Maimakon dubban ɗigo, sai ruwan ya haɗe ya zama shimfiɗa guda, yana gangarowa yana jan duk ɗigon da ya tarar a hanya. Bi shi daga rufi zuwa gilashi zuwa bonet. Za ka ga bakin shimfiɗar na janyewa, fenti na bayyana a bayansa kusan a bushe, sai 'yan ɗigo jefi-jefi. Wanda ba shi da tiyo, bokiti ko babban kofi ya ishe shi, in dai tsiyayawa zai yi a hankali, ban da watsawa. Abin ya fi kyau a motar da ke da folish a jikinta. In ka ga ruwan ya kwanta ya ƙi janyewa, kakin da ke kare fentin ne ya ƙare, galibi saboda wanki da omo. Shi aikinsa cire maiƙo, bai bambanta na ƙazanta da na kariya ba.

Wannan tsiyayar ta ƙarshe, in ina da shi, da ruwan AC nake yin ta, wanda ke ɗiga daga bututun bayan ɗaki. Daga iska aka tatso shi, bai ratsa ƙasa ba, don haka ba ya barin tabo. Da damina, in an samu wuta, jarka kan cika ba wuya. Da hunturu kuwa da ƙyar yake ɗiga, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ruwan sama da aka tara shi ma yana yi, muddin ba na farkon da ya wanko kwano ba ne.

Sai maganar tsumma. Tsaya a wurin wankin mota ranar Juma'a da safe, lokacin da kowa ke son tasa ta fita kafin masallaci, ka bi tsumma ɗaya da ido. Tsohon tawul ne na gwanjo, ko singiletin da ta gama yayinta. An goge rufin wata Sharon da shi, an sauko an goge wili, ya faɗi ƙasa an ɗauka an kaɗe a gwiwa, an matse, an rataya a kafaɗa, sai ga shi a bonet ɗinka. Ba na ganin laifin yaran sosai. Abin da suke samu a kan kowace mota bai taka kara ya karya ba, ga layi, ga masu motoci kowa na duba agogo. Ni dai in zan kai wanki, da tawul ɗina nake tafiya a leda. Ranar da na fara miƙa wa yaron da ke yi mini, sai da ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, wannan ai ya fi wanda nake wanka da shi. Da shi za a goge mota?" Na ce, "Da shi, ɗan samari. Amma kada ya taɓa taya, kada ya taɓa ƙasa. In ya faɗi, bar shi ka kira ni." Nakan ƙara masa ɗan wani abu a kan kuɗin wanki, tunda aikin ya fi cin lokaci. Yanzu yana hango ni yake miƙo hannu ya karɓi ledar.

Tawul ɗin na maikurofaiba ne. Zarensa na roba ne, haɗin foliyesta da nailan, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma an tsattsaga kowane zare ta yadda yake da 'yan lunguna masu zuƙe ruwa. Yana shan ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa, gashinsa kuma na haɗiye ƙwayar ƙura ta shige ciki maimakon a ja ta a kan fenti. Ana samunsa a shagunan kayan kwalliyar mota da manyan kantuna, har a hannun masu talla a danja, amma ba kowanne ne na tsane mota ba. Waɗannan 'yan ƙanana masu launi-launi da ake ɗaurewa dozin-dozin, na dashbod ne da tebur. Araha ba ta ado. Duba 'yar takardar da ke gefensa. In an rubuta 80/20 ko 70/30, rabon foliyesta da nailan ke nan, kuma na biyun yakan fi laushi da shan ruwa. In akwai wata lamba da GSM a gabanta, nauyin saƙar ne. Mai gashi na tsanewa gara ya kai 500 ko ya wuce. In ba a rubuta komai ba, ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa, in kana hango haske mayar wa mai shi. Wanda ka saya kuma ka yanke masa takardar kafin ya hau mota, ita ma tana zane.

Riƙon ya fi sayen muhimmanci. Ba a dunƙule shi, ba a danna shi, ba a zagaya da shi. A kan rufi da bonet da but shimfiɗa shi nake yi gaba ɗaya, in ɗan bubbuga bayansa da tafin hannu, in kama kusurwa biyu in jawo shi wajena a hankali. Nauyinsa kaɗai ke aikin. Ja ɗaya, wurin ya bushe. A jikin ƙofofi sai in ninka shi huɗu, ya ba ni fuska takwas. Wadda ta jiƙe ko ta yi duhu in juya ta ciki. Daga sama ake farawa a gangaro, domin ƙasan mota ko an wanke shi da kyau ba ya rasa ragowar yashi. Ƙasan ƙofa da bamba suna da nasu tsohon tawul, wili da taya suna da nasu tsumman, kowanne da launinsa don kada a rikita. Tawul busasshe ƙayau bai cika kama ruwa da farko ba, shi ya sa nake ɗan yayyafa masa in matse. Akwai kuma ruwan folish na fesawa da ake sayarwa a kwalba. Fesa ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙofa kafin tawul ya hau, sai ya maido da santsin da kumfa ta tafi da shi. Ba dole ba ne, amma a baƙar mota ana ganin bambancin.

Na san akwai masu kishin fatar goge mota. Ta gaske yawanci fatar tunkiya ce da aka jeme da man kifi, sai kuma ta roba mai ruwan ɗorawa da ke zuwa cikin dogon mazubi. Dukansu suna shan ruwa, ban musa ba. Abin da ya raba ni da su, sumul suke, ba su da gashi. Ƙwayar yashi in ta shiga tsakaninsu da fenti ba ta da maɓoya, sai dai a ja ta daga wannan gefen bonet zuwa wancan. Ga su da kama jikin mota, sai an sa ƙarfi. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana tuƙa manyan ma'aikata har yau da fata yake aiki, motarsa kuma tsaf. Amma na lura bokitin ruwa na gefensa, duk ja biyu sai ya tsoma ta ya ɗauraye. Na ce, "Baba, wannan wahalar fa?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, fata ba ta son malalaci." Wanda zai iya irin na Baba ya ci gaba da fatarsa. Robar nan mai hannu ta share ruwa kuwa, a gilashi kaɗai na yarda da ita.

Hanyar da ba ta taɓa fenti sam ita ce iska. Ƙaramin injin hura iska na lantarki, irin wanda masu gyaran kwamfuta ke kaɗe ƙura da shi, yana korar ruwa daga jikin mota mai folish nan da nan. Sharaɗinsa, ƙasan wurin ya zama siminti kuma a jiƙe. Ka kunna shi a kan turɓaya, garin neman gira ka rasa ido, duk abin da ke ƙasa zai tashi ya manne a motar. Tunda kuma a jiƙaƙƙen wuri za ka tsaya, duba wayar ko ta yi rauni, ka sa takalmin roba. Maganar ko akwai wuta, wannan ba sai na yi ba. Iskar mai faci ma tana yi, sai dai tsohon kwampuresa kan tofo ruwa da baƙin mai. A fara gwada shi a jikin farin ƙyalle, kada kuma a matso da bakinsa dab da fenti.

Ni ba na tsane duk motar da iska, a maɓoyar ruwa na fi amfani da ita, don su ne ke ɓata aiki bayan an gama. Ka tsane mota tsaf ka shiga ka tayar, kafin ka fita layi madubin gefe ya zubo da ruwa a jikin ƙofa, ya bushe ya bar farin layi tun daga sama har ƙasa. Cikin madubi, ramin hannun ƙofa, bayan lamba, murfin tankin mai, ƙasan robar gilashi, ragar gaba, ramukan notin taya, duk suna riƙe ruwa. A buɗe ƙofofi da but da bonet a goge bakinsu da wani ƙyallen daban, saboda giris. A ƙarƙashin kowace ƙofa akwai 'yan ramukan da ruwa ke fita. In laka ta toshe su, ruwa kwana yake yi a cikin ƙofar, daga nan tsatsa ke somawa. Tsinken tsintsiya ya isa ya buɗe su. In har an wanke inji, a hure wajen filogi da kwayil da soket-soket kafin a murza makulli, in ba haka ba mota ta tashi tana kakkarwa.

Masu cewa a hau titi a taka wuta iska ta busar da ita, ban san a wane gari suke tuƙi ba. A nan kafin ka kai shataletalen farko, jiƙaƙƙiyar mota ta kwashi rabonta na ƙurar tifa. Ɗan zagayen da nake yi bayan na gama tsanewa saboda birki ne. Farantin birki ƙarfe ne tsirara, yana jiƙewa yake fara jan tsatsa, jiƙaƙƙen birki kuma ba ya kamawa sosai a takun farko. Tafiya kaɗan a cikin layi ana ɗan taka shi a hankali ta isa. In aka ja birkin hannu aka ajiye mota a jiƙe kwana biyu, musamman mai birkin ganga a tayoyin baya, yakan maƙale, sai ka ji ƙas lokacin tashi.

Gilashi shi ne na ƙarshe, da busasshen ƙyallensa shi kaɗai. Tsohuwar jarida har yanzu tana aiki ta waje. Ta ciki kuwa a yi hattara da ledar duhu, a gilashin baya kuma a bi siraran layukan nan na ɗumama gilashi a kwance, kada a tsallaka su da ƙarfi. Bayan wanki a ɗan jinkirta sauke gilashin ƙofa, don robar da yake shiga cikinta na riƙe ruwa, zai fito a jiƙe.

Da damina lissafin juyawa yake yi. Ƙura ta kwanta, waje ba ya gaggawar bushewa, matsalar ta koma ciki. Kafet ɗin da aka mayar da danshinsa aka rufe gilasai, kwana biyu mota ta ɗauki warin da turaren wuta ba ya kashewa. A shanya shi a kan katanga sai ya bushe ƙarau, a bar ƙofofi a buɗe, ko a kunna AC na ɗan lokaci, yana tsotse laima. A ɗaga shimfiɗar but a leƙa ramin safayar taya, ruwa na son taruwa a can. Tamfol kuma ba a rufa shi a kan mota mai danshi ko mai ƙura; iska na kaɗa shi yana goga.

In zoben ruwa ya riga ya kama, farin ruwan khal da ruwa rabi da rabi yakan narkar da shi. A shafa a kan fenti mai sanyi, a ba shi minti ɗaya ko biyu, a ɗauraye sosai, a sake sa folish domin yana tafiya da kakin. Wanda ya ƙi fita da wannan ya riga ya ci fenti, sai injin folish, shi kuma duk hawan da ya yi yana rage kaurin shafin saman ne, don haka ba abin yi ba ne duk wata.

Tawul ɗin kansa shi kaɗai ake wanke shi, kada ya shiga cikin kayan gida, don yana kwasar zaren auduga ya je ya baza a jikin mota. Sabulu kaɗan, ɗauraya da yawa. Ban da ruwan nan mai ƙamshi na tausasa tufafi, yana toshe zaren ya daina shan ruwa, ban da guga, zaren roba ne narkewa yake yi. A cikin ɗaki nake shanya nawa da hunturu, in ya bushe in ninke shi cikin leda. A gidanmu sai da na yi kashedi, domin an taɓa ɗauke mini shi aka goge firij. In ya fara tauri ko gashinsa ya kwanta, sai ya sauka daga rufi ya koma ƙasan ƙofa, na ƙasan ƙofa ya koma wili, na wili kuma in yanka shi gida biyu in jefa a but don duba baƙin mai.